Ranar Barin Aiki

Litinin, 5 ga Agusta

Sun saka kujerata a kasuwa. Shekara goma sha tara ina zaune a ofishin ma'aikata na ƙaramar hukumar nan da sunan riƙon ƙwarya, yau aka liƙa takarda a bango wai duk guraben riƙon ƙwarya za a yi musu jarrabawa, kowa a ƙasar nan yana iya nema. Har da ni, in ina so. In ina so! Sai an cika fom ta intanet kafin ƙarshen ranar Juma'a, 23 ga wata. Shekara biyar suka rage mini in kai fansho.

Dakta Gildardo, shugaban ofis da sabon magajin gari ya kawo mana a Janairu, ya ce, "Doña Dioselina, ke da kika san aikin nan kamar yunwar cikinki, me zai dame ki?" Dakta. Ko allura bai taɓa riƙewa ba, laktaye kawai.

Talata, 6 ga Agusta

Mu ashirin da huɗu abin ya shafa. Fom ɗin yana son takardar shaidar aiki, kuma ni ce mai buga ta. Tun safe layi a gaban teburina. Na buga goma sha ɗaya, Dakta ya sa hannu yana waya. Tawa sai na gama da na mutane.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na buɗe shafin. Suna, lambar katin ɗan ƙasa, makaranta, duk lafiya. Hoto ya yi nauyi. Na rage shi, ya yi ƙanƙanta. Na tashi zuba tinto, baƙin gahawarmu, a kofi, kafin in dawo shafin ya kore ni waje, wai na daɗe ban motsa ba. Ni da ban motsa daga wurin nan ba tun ina da baƙin gashi.

Asabar, 10 ga Agusta

Na zo ofis ni kaɗai don in yi shi a natse. Na kai wurin ƙwarewar aiki. Ranar fara aiki: na saka. Ranar barin aiki: babu. A gefe akwai ɗan akwati, "har yanzu ina wannan aiki." Na danna. Abin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sai ga ni a shafin farko, komai ya goge. Sau biyar. In ban danna akwatin ba kuma, sai jan rubutu ya fito: dole a cika ranar barin aiki.

Na koma gida kaina na sarawa. Mijina Efraín yana shanya 'ya'yan kofi a tsakar gida, ya ce, "Tsohuwa, ki saka ranar da kika ga dama mana, inji ne, ina ya san ki?" Shekara talatin da aure, har yau mutumin nan yana ganin takarda abin kunna murhu ce. Ranar da ke fom dole ta zo daidai da ta takardar shaida, in ba haka ba a jefar da kai a kan ƙarya.

Talata, 13 ga Agusta

Comadre Leonilde ta ɗakin karatu ta gama nata a rabin awa. Ni na riƙe mata 'yarta a wurin baftisma, don haka muke kiran juna comadre, kuma ba ta jin kunyar yi mini dariya.

Na ce, "Comadre, yaya kika yi da akwatin nan?"

"Wane akwati? Ban taɓa shi ba. Tsofaffin kwantiragina na saka. Ƙwarewar shekara biyu suke nema, ni kuwa sau shida aka kore ni aka maido ni, kowace kora da ranarta."

Na bi sauran na tambaya. Duk haka suka yi. Kowa an taɓa korar sa, kowa yana da ranar barin aiki a aljihu. Ni kaɗai ce magajin gari biyar suka zo ba wanda ya taɓa ni. Na sha yin taƙama da wannan a wurin biki. Leonilde ta ce, "Kin ga illar kirki, comadre." Na yi dariya don kada in yi kuka a gabanta.

Laraba, 14 ga Agusta

Lambar neman taimako. Minti arba'in ina jin kiɗa. Wata mai zaƙin murya ta ce in gwada wata kwamfutar. Na ce na gwada ta ofis, ta ɗakin karatu, har ta coci. Ta ce in rubuta koke, za a amsa cikin kwanakin aiki goma sha biyar. Na ce, "Mija, 'yata, saura kwana tara a rufe." Ta ce ta fahimta, akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi?

Na rubuta koken.

Juma'a, 16 ga Agusta

Na buga takardata da 31 ga Disamba a matsayin ranar barin aiki, na cusa ta a tsakiyar waɗanda za a sa wa hannu. Ban taɓa yin irin wannan ba. Dakta da ba ya karanta komai, yau ya karanta.

Ya rufe ƙofa, ya ba ni kujera. Tun Janairu bai taɓa ba ni kujera ba.

"Doña Dioselina, ke kika koya mini cewa ba a sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba. Za ki bar aiki a Disamba?"

"A'a, Dakta. Fom ɗin ne ba ya wucewa."

"To kin gani. Amma in kika haɗo da wasiƙar ajiye aiki mai wannan ranar, takardar ta zama gaskiya, in sa hannu da hannu biyu. In kika ci jarrabawa ai kujerarki ce har abada."

Har abada. Duk garin nan an san ƙanwar matar magajin gari tana zaune a gida da takardar digiri, tana jiran a ɗaga mata wuri.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin Fada ba. Ina zaune ina juya abin.

In ban nema ba, zan zauna har a gama jarrabawa, shekara ɗaya ko da 'yan watanni, sannan wanda ya ci ya zo da takardarsa in tashi, ba dawowa. In na nema, zan tashi a Disamba da ƙafata, in yi takara da 'yan makaranta a kan aikin da na fi su sani amma sun fi ni iya zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu. Leonilde ta duba: mutum ɗari uku da sha biyu sun riga sun nemi kujerata.

Tsoro nake ji. A littafin nan kawai zan iya faɗa.

Talata, 20 ga Agusta

Na sake danna akwatin, ko sun gyara. Ba su gyara ba.

Laraba, 21 ga Agusta

Na yi wa Efraín tsawa a kan sancocho, farfesun da ya dafa, wai ya cika gishiri. Gishirin daidai ne. Ya ajiye cokali ya ce, "Shekara nawa kike fita kafin rana, ki dawo bayan ta faɗi, kina jiran su gode miki?" Na ce ba godiya nake jira ba, fansho nake jira. Ya ce, "To, fanshon ma bai san sunanki ba." Na tashi na bar masa teburin.

Alhamis, 22 ga Agusta

Leonilde ta ce in je wurin lauya. Lauyan garin nan ɗaya ne, kuma shi ya tsaya wa Dakta a wurin aurensa.

Juma'a, 23 ga Agusta

Na buga wasiƙar ajiye aikin. Layi uku. Na buga wa mutane irinta ta fi ɗari, ban san gajera ce haka ba. Dakta ya sa hannu a kanta da a kan takardar shaidar, ya buga hatimi da kansa, har yana hura tawada.

Ƙarfe uku da minti goma na rana na rubuta 31 ga Disamba a gurbin. Ko juyi bai yi ba. Koren rubutu ya fito: "Muna taya ki murna, an karɓi takardunki." Na zauna ina kallon murnar.

Litinin, 26 ga Agusta

Ba wani abu yau. Ƙarfe biyar saura kwata Dakta ya ajiye mini fayil takwas, wai magajin gari yana son su da sassafe, in ɗan tsaya kamar yadda na saba. Na ce masa gobe. Ya tsaya yana kallona kamar kabad ce ta yi magana. "Doña Dioselina, ba ki da lafiya ne?" Na ce lafiyata ƙalau, Dakta, ƙarfe biyar ake tashi.

Ba fushi ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya a littafina. Gajiya ce kawai, ina jin. Na fito akwai sauran rana a dandali, masu sayar da arepa, wainar masara, ba su ko hura wuta ba. Ban san inda zan nufa ba, sai na zauna a benci. Wata mata ta tambaye ni ko baƙuwa ce ni a garin.