Mitar Gudun Motar Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya kuma sa albarka a neman da ya kai ka nesa. Mu ma nan da sauƙi. Umma tana fama da gwiwarta kamar kullum, amma ba ta yarda ta zauna ba. Baban yara yana zuwa aiki, ni kuma ina nan kan keken ɗinkina.

Kebur ɗin mitar gudu da ka aiko ya iso. Ka san tun bara hannun mitar tsohuwar motar Baba yake rawa, yana tsalle daga ƙasa zuwa sama, ga wani ƙara kamar ɓera ya maƙale a bayan sitiyari. Tun da likita ya hana shi tuƙi, ba ya da wata magana sai ta mitar nan. Ranar da na kwance ƙunshin a gabansa, ya ɗauki kebur ɗin ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya tambaye ni ko igiyar shanya ce. Yaya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin wannan mota! Na yi dariya don kada ya tsargu, na shiga ɗaki na goge idona.

Washegari ya tashi garau, har ya riga mu zuwa gareji. Baban yara ya kwanta a ƙasan sitiyari ya kwance mitar, ni na riƙe faranti ina tara notuna. Baba ya zauna kan benci yana ba da umarni, muryarsa ta dawo irin ta da. Ya sa na wanke bakin mitar da kananzir har tsohon giris da ya daskare ya fita baƙi ƙirin. Da na zo shafa wa sabon kebur giris, ya buge mini hannu, ya ce a bar wajen taƙi guda daga sama a bushe, in ba haka ba giris zai hau ya shiga cikin mitar ya kashe ta. Ya ce a ɗauko man kekena, ɗigo ɗaya tak za a sa a inda ƙarfen yake juyawa. Man ya zuba a wandonsa, amma ya ƙi ba kowa kwalbar sai da ya ɗiga da kansa. Har tsokanar Baban yara ya yi, wai surukin da ba ya bambanta sufana da cokali ban da haƙuri me za a yi da shi.

Da yamma muka fita gwaji. Baban yara yana tuƙi, Baba a gefensa, ni da Umma a baya. Hannun mitar ya tashi a hankali ya tsaya cak, babu rawa, babu ƙara. Baba ya dafa gaban motar yana murmushi, Umma ta matse mini hannu. Na ɗauka mun samu kansa. Amma da muka dawo muka tsaya a ƙofar gida, ya ƙi fita. Ya ce ziyarar ta isa haka, a mayar da shi gida kada iyalinsa su damu. Umma ta zagaya ta buɗe masa ƙofa, ya gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa.

Bayan kwana kaɗan na shiga gareji da safe na tarar ya sake ciro mitar, ya buɗe cikinta a kan benci. Ya ce tana ƙara, dole a gyara kafin tafiya. Akwai wani siririn sifirin a cikinta kamar gashi, wanda yake mayar da hannun ƙasa. Ya ja shi da filaya ya tsinke. Na kai wa tsohon bakaniken nan abokinsa, ya duba ya girgiza kai, ya ce irin wannan an daina yinsa tun kafin a haife ni, ko a wajen masu tsofaffin kaya ba ya jin za a samu. Mun mayar da ita wurinta haka nan don kada ramin ya dame shi. Hannun yana kwance a kan sifili.

Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ciwon mantuwa irin na Baba ba ya komawa baya, maganin rage masa gudu kawai yake yi, kuma kwanakin da zai tashi garau za su riƙa raguwa. Umma ta daina tambaya. Ni ma na gaji, Yaya, ban san wata hanyar faɗa maka da ta fi haka ba. Na san hutu yana maka wuya, amma ka nema ka zo. Ban yi maka alkawarin zai gane ka ba.

Jiya ina yanke masa farce, ya zuba mini ido ya tambaye ni 'yar gidan wane ce ni. Na faɗa masa sunansa shi kansa. Ya maimaita sunan, sannan ya ce bai san mutumin ba, amma in na koma gida in gaya masa ya iya tarbiyya.

Umma tana sa maka albarka. Baban yara, Goggo da Kawu duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan Auta. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka mai kewarka.