Bakan da Na Ɓoye wa Tsirkiya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, ka kuwa san ita wannan ce alamar lafiyarta. Autarmu ta gama jarrabawa tana ta cika mana baki. Na zaɓi in rubuto maka a takarda ne domin duk wayar da muke yi da kai a gaban Baba ake yin ta, maganar da ke cina kuwa ba ta gabansa ba ce.

Ka tuna itacen nan da Baba ya rataye a rufin shagonsa shekarar da ka tafi, wanda ya ce na bakanka ne? Wata biyu da suka wuce ya sa aka sauko da shi. Tun ciwon da ya yi bara bai ƙara sassaƙa baka ba, hannu na rawa, idon hagu kuma ya tafi, amma ya ce wannan kam sai ya gama shi ko da shi ne na ƙarshe. Da ya fere shi sai ya ga cikin itacen kamar ƙarfe yake, amma bayansa ba zai jure ja ba, dole a manna masa gora. Nan fa aka shiga neman gora, ni ce 'yar jagora. Sau uku muna zuwa wajen mai sayar da gorar gini, Baba na ƙwanƙwasa kowace yana kara kunne. Wannan ɗanya ce, waccan ƙwaro ya huda ta, waccan gaɓoɓinta sun yi kusa da juna. Mai gorar ya gaji har ya tambaye ni ko rumfa za mu kafa ko amarya muke zaɓe. A zuwa na uku ne muka samu wata tsohuwa mai kauri, ta yi launin ruwan zuma, gaɓoɓinta nesa da juna. Da aka tsaga ta huɗu, uku suka fito da tsaga ko murɗiya, guda ɗaya tak ta tsira.

Sati biyu Baba ya yi yana rage wannan guda ɗayar ta ciki, kaɗan kaɗan, har gefenta ya yi siriri kamar bakin wuƙa. Bayanta kuwa bai taɓa ba, sai ɗan kankare dauɗa da ya yi da fasasshiyar kwalba. Ina zuwa kullum da rana in zauna in riƙe masa, ina kallon hannun nan na rawa, ina addu'a duk lokacin da wuƙar ta doshi gefe. Allah ya taimaka aka gama lafiya.

To ga inda matsalar ta shigo, ta hannun baban yarana. Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan yana neman Baba ya kalle shi a matsayin mai sana'a, Baba kuwa har gobe mai kujeru yake ce masa saboda kafintancinsa. Ranar da za a manna gorar Baba ya ga ba zai iya shi kaɗai ba, domin gam ɗin fata da yake dafawa ba ya jiran kowa, da ya huce ya kama. Sai ya ce a kira masa mai kujeru. Da ka ga murnar bawan Allahn nan da ka tausaya masa, har sabuwar riga ya saka don zuwa shafa gam. Da safe na kai Baba asibiti a duba idonsa, ya bar masa aiki ɗaya rak, ya rufe bayan gorar da salatif don kada gam ya ɓata ta. Da muka dawo muka tarar ya rufe tsaf. Aka dafa gam, aka ɗumama itacen da gorar, Baba na shafawa yana tsawa, shi yana dannewa, ni ina naɗe su da robar tayar keke tun daga tsakiya har ƙarshe. Da haka muka gama. Baba ya ce a bar shi kwana bakwai.

A kwana na biyu muna cin abincin rana baban yara ya kasa riƙe abin a cikinsa. Ya ce mini in jira in ga mamakin da Baba zai sha, domin kafin ya rufe gorar ya ga ƙulu-ƙulun gaɓoɓin nan sun ɓata mata kyau, sai ya sa magagari ya daidaita su, ya bi da sanfefa, duka biyar ɗin, har sai da ta yi sumul kamar saman tebur. Yaya, wallahi nan take na ture kwanon. Kai ka fi ni sani, amma ni ma a shagon nan na yi rarrafe. Na gaya masa ƙarfin gora duk yana cikin zaren da ke ƙarƙashin fatarta, kuma a gaɓa zaren yake tasowa sama, wanda ya goge gaɓa ya yanke zaren. Na ce masa bakan nan zai yi kyau a ido, amma ranar da aka ja shi sosai zai tashi a gaɓa ya fashe, kuma a fuskar mai ja yake fashewa. Da farko musu ya yi mini, wai shi shekara ashirin yana goge katako bai taɓa ganin sanfefa ta karya komai ba. Na ce masa ai ba a taɓa lanƙwasa tebur an harba kibiya da shi ba. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba, wasu ma na yi nadamarsu.

Kwana biyar ɗin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Kullum sai Baba ya shiga shagon ya tsaya a kan bakan yana lissafin kwanaki, har ya murɗa sabuwar tsirkiya ya ajiye. Ya ce shi da kansa zai fara jan sa kafin a aiko maka. Mutum mai ido ɗaya, Yaya. Na roƙi baban yara ya je ya faɗa wa Baba, sai ya yi alwala ya fita, ya kai ƙofar shagon ya dawo, har sau biyu. Ni kuma na kasa, domin in na faɗa na tona mijina a gaban ubana, kuma na san daga ranar ba zai ƙara taka shagon ba. A ƙarshe na kwantar da hankalina da cewa ba sai kowa ya faɗa ba, da zarar an ɓare salatif babban yatsan Baba zai gaya masa. Ka san yatsan nan, wanda yake gano tsagar da ido bai gani ba.

Ranar bakwai da hantsi muka taru a shagon. Aka warware robar, aka ɓare salatif, Baba ya ɗora bakan a cinyarsa ya bi bayansa da yatsa tun daga sama har ƙasa. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Ya sake bi. Sai na ji ya ce aiki ya yi kyau, a miƙo masa tsirkiya. Na ɗago na dube shi ko gatse yake yi, na ga fuskarsa cike da murna. Ya bi ta kan gaɓoɓi biyar da aka goge, sau biyu, bai ji komai ba. Tsirkiyar tana hannuna, na ƙi miƙawa. Ya sake tambaya, muryarsa ta fara tashi. A nan ne baban yara ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, kuma na gode masa da wannan har in mutu.

Na ɗauka Baba zai kore shi. Bai ko kalle shi ba. Ni ya ce in kama yatsansa in ɗora masa a inda gaɓa ta farko take. Na ɗora. Ya goga, ya goga, sannan ya ce in kai shi ta biyu. Sai da muka bi duka biyar ɗin. Daga nan ya ce mana tun ciwon bara yatsun nan ba sa bambance santsi da kaushi, ya ɓoye ne don kada mu hana shi shiga shago, yana sa ran za su dawo. Ya ce da mai kujeru ya tashi, laifinsa kaɗan ne, shi da bai sani ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi, Yaya. Na fita bayan shagon na yi kuka har Inna ta biyo ni.

Washegari ya kira ni ya ce in naɗe bakan in aiko maka, in ce na ado ne ka rataye a bango, kada in gaya maka sauran. Ban aiko ba, kuma ga shi na gaya maka. Bakan yana ɗakina a bayan akwati, tsirkiyar kuma na ɓoye ta inda ba zai gani ba, domin jiya ma na same shi yana lalube a shagon, ban yarda da abin da yake nema ba. Itacen bai lalace ba. Gam ɗin fata yana saki da tururi, ana iya ɗaga gorar a sa wata idan aka samu hannun da ya iya. Baban yara ya ce zai nemo gora ko a ina take, amma shi kansa ya san rage ta ba aikinsa ba ne, ni kuma riƙewa kawai na iya. Kai kaɗai Baba ya koya wa. Kunnensa na nan, bakinsa na nan, hannu ne babu. Na san aikinka da wuyar bari, na san nisan hanya, amma ka nemi ko sati biyu ne ka zo ka ara masa naka tun yana iya zama a shagon ya yi maka tsawa. Idan ka ce sai baɗi, ban san wanda za ka tarar ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce a hoton da ka turo ka rame. Auta da Kawu mai gyaran keke da Gwaggo duk suna gaisuwa. Baban yara ya ce in gaishe ka in kuma ba ka haƙuri, ya kasa rubutawa da kansa. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan yara. Idan kun yi waya da Baba ya tambaye ka ko saƙo ya iso, kada ka yi masa ƙarya, ka ce masa kai za ka zo ka ɗauka.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Maman 'yan biyu