Ɗorawar da Inna Ta Bar Miki

Jibiya, 4 ga Afrilu, 1979

Daga yayanki Bala zuwa ga ƙanwata Hajara.

Ina gaishe ki ƙwarai. Yaya maigidanki da yara, yaya zaman Kumasi? Ƙafar ta yi sauƙi?

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina faɗa cewa Yaya Sale ya cuce mu, da ya sayar da gonarmu ta Daddara bai sa an rubuta cewa ɗorawa ukun da Inna ta bar miki ba sa cikin cinikin ba. Cewa ya yi ai kowa ya sani, mai gona daban, mai itace daban.

Yanzu Alhajin da ya saya yana son ya sare su ya sami wurin ajiye tankokin mai a bakin hanyar iyaka. Na kai ƙara. Alƙali ya ce itatuwan naki ne. Malamin daji kuwa ya ce sabuwar doka ba ta san mai itace ba, mai takardar fili ta sani, kuma ya riga ya ba Alhajin izinin sara. Na buɗe masa dokar daji, wadda ni na fassara ta da hannuna tun zamanin Turawa, na nuna masa inda ta hana sare ɗorawa. Dariya ya yi, ya ce, "Baba, littafin nan sa'anku ne. Ku je gida ku huta."

Alƙali ya ce mu koma ranar Litinin. Ranar Asabar mutanen Alhajin suka zo da zarto mai inji.

Ki sa ni a addu'a, don ban san abin da zan yi ba in na haɗu da Sale a masallaci. Ki gai da kowa.

Ɗorawar duka ukun suna ƙasa, 'ya'yansu ko nuna ba su yi ba.