Maɓallin Ɗumama Kujera

Gure, ranar Lahadi

Zuwa ga mijina Shamsu, jikana mai garaji a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar hanya? Ango, ka zo ka tafi, ko goro ba ka bar wa amaryarka ba, amma na yafe, tunda ka gyara mini maɓallin ɗumama kujera a motar marigayi kakanka. Ka san tun rasuwarsa ba ta zuwa ko'ina, sai dai in tayar da ita da safe in gasa ƙuguna. Wannan da ka ciro daga wata irin mota ya fi na da kyau, har jar wuta yake yi. Na cika unguwa da yabonka.

Sai dai jiya na zaunar da ƙawata Yabawa ta ɗana. Ta daɗe zaune, ta ce, "Yakura, wannan ai randa ce." Na ce tsufa ya kashe mata baya. Yau na ɗora man kaɗe a kujerar, kamar yadda na saba narkar da shi kafin shafawa. Yana nan daskare. Me ka yi, maigida?

Ka gaida mutan garaji.
Matarka ta fari, Yakura

Damagaram, ranar Laraba

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan ƙugu ya yi sauƙi. Kaka, maɓallin bai dace da wayoyin motar ba, ƙafafunsa sun bambanta da na asali. Da na haɗa su duka, kujerar na iya kamawa da wuta. Shi ya sa na haɗa wayar fitilar maɓallin kaɗai. Na ga kin yi ta murna, na kasa faɗa. Na ɗauka in kin ga jar wutar za ki ji ɗumi a ranki, kafin in samo na ainihi. Ki yi haƙuri, amarya.

Naki, Shamsu

Gure, ranar Juma'a

Zuwa ga Malam Shamsu,

Gaisuwa. Saƙonka ya iso. Da ka ce mini "Kaka, ya gagare ni," da na yi maka dariya, na ce na auri rago, shi ke nan. Amma ka tsaya bakin ƙofar motar kana tambayata, "Ya fara ɗumi?" ina cewa ya fara, don kada in kunyata ka. Ashe kallon tsohuwar da hankalinta ya tafi kake yi mini.

Na je na ba Yabawa haƙuri. Ita ke dafa mini ruwan gashin ƙugu yanzu.

Kada ka wahalar da kanka neman na ainihi. Na rufe motar, makullin yana wurin mahaifiyarka.

Allah ya yi wa sana'a albarka.
Hajiya Yakura Fannami