Taswirar Rakiya da Ɗakin Ladji

Daren Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, Allah yana ganinka. Tunda ka buɗe, karanta ka ɗau darasi.

Yau saura kaɗan ɗana Sani ya kama wa amaryarsa ɗaki a Ladji. Dillali ya rantse ruwa bai taɓa shiga kartiyen ba, wato unguwar, ga bango ya sha sabon fenti. Ƙanwarsa Rakiya ta ce, "Yaya, tsaya tukuna." Ta buɗe taswira a wayarta, tituna suka fito. Ta taɓa wani wuri, sai shuɗi ya hau kansu kamar mayafi, ya rufe gidan ruf. Ta ce masu auna ambaliya ne ke ajiye bayanin a intanet, waya ta ɗauko ta ɗora.

Sani ya ce, "To malama, a kwalekwale za a kai amaryar ke nan?" Na tura shi wurin maƙwabtan gidan, suka ce bara ruwa har ƙugu.

Yarinyar nan ta burge ni. Ban faɗa mata ba, kada kanta ya kumbura.

Daga yau, ɗan gidan nan ba ya kama ɗaki da rani sai Rakiya ta duba taswira.