Kaskon Mahaifina da Maganar Dalma

Madam Ghislaine, ki taimaka wa tsoho da shawara, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Tun ina da ƙarfina nake jin ana cewa tsofaffin kasaken da muke dafa ruwan itacen mapul a ciki ya zama zuma, waɗanda aka liƙe da dalma, suna zuba guba cikin zumar. Dariya nake yi. Na ce ƙaryar masu sayar da sabon kasko ce, ai mahaifina ya sha zumar kaskonsa har ya kai casa'in yana zagin gwamnati.

To, bara na gaji da zaman banza. Na yanka tsohon durum na yi murhu, na jera masa bulo, na sa bututun hayaƙi, na sauko da kaskon marigayin daga rumfa na ɗora. Itatuwa sittin na huda. Ruwan da bai gama dahuwa ba nakan bar shi cikin kaskon sai washegari, yadda na ga ana yi. Zuma kuwa ta yi kyau, har maƙwabcina Ovila, wanda bai taɓa yabon kowa ba, ya ce ba laifi.

Ga inda abin yake. 'Yata Maryse tana da yarinya 'yar shekara uku, Léonie. Shekara biyu ke nan, bara da bana, ina tsiyaya mata zuma mai zafi a kan ƙanƙara tana naɗewa da tsinke, kuma kullum da ita take karin kumallo. Yanzu in ta ƙi cin abinci sai gabana ya faɗi. Ban faɗa wa uwarta ba. Ina tsoron yadda za ta dube ni.

Da mai talla ne ya sake faɗa mini, da na kore shi. Amma Réjean mai walda ne, abokina tun ƙuruciya. Na kai masa kaskon gyara, ya kankare liƙin da farce, ya ce dalma ce, ya kira ni tsohon banza, ya maido mini da kwalbar da na ba jikokinsa.

Tsoho mai taurin kai, daga yankin Beauce

Amsa: Baba, sannu da wannan damuwa.

Abokinka gaskiya ya faɗa, kuma barin ruwan ya daɗe cikin kaskon yana ƙara yawan dalmar. Sai dai ba a gane yawanta da ido ko da harshe, mai yiwuwa kaɗan ce. Tsawon ran mahaifinka kuma ba hujja ba ce, jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukarta.

Ka faɗa wa Maryse yau, kada ka jira sakamakon komai. Ta kai Léonie a gwada jininta, abu ne mai sauƙi. Ka karɓo kwalaben da ka rarraba, ka aika ɗaya ɗakin gwaji. Maryse za ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Fushin ɓoyewa ya fi wannan daɗewa.

Murhunka ba shi da laifi. Réjean ya haɗa maka kasko na ƙarfe marar tsatsa, ya duba bokitanka na tarar ruwan itacen ma. Kaskon mahaifinka kuwa ka rataye shi a bango.

Allah ya sa a ji alheri, ya raya Léonie.

Ghislaine