Inna Ta Gaji da Wuƙa

Giza, Alƙahira,
9 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga Yayana Ukasha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Husseina da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Baban Munir yana fama da aikin ofishin jakadanci, Munir kuma ya fara tafiya, ba tukunyar da ta tsira a gidan.

Yaya, maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai aya. Ka ce lallai a yi mata aiki na uku. Na san ƙauna ce ta sa, ba wanda zai faɗa mini irin ɗawainiyar da ka yi kafin ka kawo ta Masar. Amma likitarta, Dakta Mariam, ta zaunar da mu ta faɗi gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ciwon dajin ya kai hanta, wuƙa ba za ta ƙara mata komai ba sai wahala. Abin da ya rage shi ne a kashe mata zafin ciwo, a kyautata mata. Da likita ta tambayi Inna ra'ayinta, sai ta ce babba shi ke yanke magana. Kai ake jira ke nan.

Da ka ga yadda take bayan tafiyarka, wallahi da ka yi kuka. An ɗora ta kan gado mai tsawo da ƙarafa gefe da gefe, an cire mata ɗankwali, an sa mata rigar da bayanta a buɗe yake, ga samari masu koyon likita sun zagaye ta. Matar da ko ruwa ba ta sha a gaban suruki! Ba mugunta ba ce, ba su san mu ba ne. In an tambaye ta ciwo ta ce da sauƙi, su kuwa su rage magani. Ta daina ci, ta daina magana. Ni kuma ka san bakina, na yi ta faɗa da guntun Larabcina, ana ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri.

Sai Allah Ya haɗa mu da wata nas, Mahasin, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka zauna can a hanyarsu ta zuwa Makka. Kallo ɗaya ta yi wa Inna ta ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ta gaya wa likita cewa tsofaffinmu ba sa raki a gaban baƙo, a riƙa duba yadda take murɗa yatsun ƙafa. Dakta Mariam, Allah Ya saka mata, ta saurara. Aka daidaita magani, aka mayar mata da ɗankwalinta, aka ce mata kaɗai za su riƙa gyara ta. Aka sauko da katifa ƙasa, ta fuskanci alƙibla. Mahasin ta samo mini gero na dama kunun tsamiya, Inna ta sha har da lasar ludayi. Ɗalibai mata 'yan ƙasarmu suna zuwa dubiya, su yi mata karatu a hankali. Yanzu likita ta ce in ka yarda a fasa aikin, za mu kawo ta gida wurina, Mahasin ta riƙa zuwa da maganin.

Ka ce ka tambaye ta a waya ba ta musa ba. Haba Yaya! Yaushe Inna ta taɓa yi maka doguwar magana? Kai ne ɗan fari, tun tasowata wancan yaron take ce maka, ko ido ba ta haɗawa da kai. Shirun nan kunya ce, ba yarda ba. Da ta miƙo mini wayar juya fuska ta yi ga bango, hawaye na zuba.

Jiya bayan la'asar ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce ta gaji da wuƙa, tana so ta koma ga Ubangijinta da abin da ya rage na jikinta, kuma ba ta riƙe kowa a zuci ba. Sai ta ce in gaya wa Ukasha ya zo. Haka ta faɗa, Yaya, sunanka ƙarara. Kwalbar man ta suɓuce daga hannuna. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ce tana so ta kalli fuskarka sosai, don ba ta taɓa samun dama ba. Na tsorata, kuma har yanzu a tsorace nake.

Ka gaida Anti Husseina, da Kawu Nata'ala, da Goggo Maimuna, da Abdulwahab, a ci gaba da sa ta cikin addu'a. Don girman Allah ka buga wa likita ka ce ka yarda, sannan ka nemi jirgi. Kada ka bari ta sake kiranka ba ka kusa.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Sabuwa.